Ramukan Kati

A Lodz, garin jan bulo da dogayen bututun hayaƙi,
kakata Bogumila ta bar mini gado.
Ba zobe, ba fili.
Kwalin takalmi ne cike da katuna,
kowanne da ƙananan ramuka
kamar gara ta bi ta kansa cikin natsuwa.

Na ɗaga ɗaya saitin taga.
Rana ta ratso ta ramukan,
ta zuba a tafin hannuna ɗigo-ɗigo.
Mahaifiyata ta ce: rubutunta ke nan,
da rami take magana.

Shekara goma sha tara tana aikin dare
a ɗakin ƙasa na ofishin masaƙa,
inda na'ura ta cika wuri kamar giwa a zaure,
tana huci, ana yi mata fifita, mutane na rawar ɗari.
Maza masu fararen riguna ke da suna a ƙofa.
Mata goma sha biyu ke da yatsu.
Rami ɗaya ya kauce,
albashin mutum dubu huɗu ya bi ruwa.

Wani dare a tsakiyar hunturu,
dusar ƙanƙara ta toshe titi, kowa ya gudu gida,
ita ta zauna, shayinta ya huce,
tana bin katuna ɗari bakwai ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Lissafi ya ce an biya matan sashen rini.
Ita kuwa ta ga Halina a layin burodi
tana juya kwabo biyu a hannu, tana kallon ƙasa.
Na'ura ba ta ƙarya, in ji manya.
Kakata ta ce: amma tana maimaita ta wani.
Kafin gari ya waye ta kama ɓarawon:
sifili guda ne, ya hau kujerar da ba tasa ba.
Da hantsi shugaban sashe ya sha tafi.
Ita ta sha hanya,
ta je ta dafa wa yara dankali.

Ba daga bakinta muka ji ba.
Halina ce, ranar da muka kai ta makwanci,
dogare da sanda, ta ce:
wannan matar ta taɓa huda mini abincin wata uku.

Allura ƙarama, mai ɗinke babbar ɓaraka!
Fitilar ɗakin ƙasa, ba a ganinki daga titi!
Mai ido a yatsa!

Uwarta ma kati ta sani.
Masaƙar da ke zana fure a jikin labule,
kati ke gaya mata inda zare zai hau, inda zai nutse.
Hau, nutse. Akwai, babu.
Yaren gidanmu ke nan tun kafin a raɗa masa suna.

Yau a tsohuwar masaƙar nake aiki,
an share ƙurar auduga, an jera kwamfutoci.
Muna rubuta manhajar da ke nuna wa motar asibiti hanya.
Jagoda tana gefena, ba ta yarda da lamba sai ta juya ta sau uku.
Oksana, da ta iso daga gabas da jaka ɗaya da yaro a hannu,
ta rage daƙiƙa arba'in daga kowane kira.
Daƙiƙa arba'in!
Tambayi wanda numfashinsa ya tsaya a wuya.

Jiya 'yata Kinga ta buɗe kwalin.
Me aka rubuta a nan?
Na ce ban sani ba.
Na'urar da ta iya karanta shi ta riga kakar tafiya.
Ba ta damu ba.
Ta samo jan zare a aljihun tebur,
ta zauna a ƙasa, harshe a waje,
tana zura shi rami zuwa rami,
hau, nutse, hau,
har na manta tukunya a wuta.